Ni wa ya taɓa tambaya ta?

Shekaranjiya da dare a fadarmu ta nan unguwar Zariya a Maradi, shayi na biyu na kan gawayi, wani ya kunna labarai a wayarshi, mai karantawa ta ce wai binciken jin ra'ayin masu zaɓe a wata ƙasa ya nuna wane ya wuce wane da maki uku. Alhajinmu mai sayar da aya da wake, wanda in bai yi gardama ba shayin bai shiga jikinshi, ya aje kofi ya ce, "Ƙarya ce wallahi. Ni tun zaɓen 1993 nike jefa ƙuri'a, wa ya taɓa tsai da ni ya ce Alhaji wa kake so? Biro suke shiga su kunna kilim su rubuta abin da anka biya su su rubuta."

Sai kowa ya juyo ya dube ni, don an san na taɓa cin abinci da wannan aiki. Bayan na gama jami'a, kahin Allah ya kawo abin yi, anket kala-kala na yi, wato aikin bin mutane ana yi musu tambayoyi, ta lahiya, ta cimaka, ta lekol, sannan sau biyu na yi ta jin ra'ayi mai tambayoyin siyasa ciki, har da waccan da kowa ke tsoro, wato in gobe ne zaɓe wa za ka zaɓa. Wani biro ne na Yamai ya ɗauke mu, ba sai na faɗi sunanshi ba. A fada ba a barin mutum ya kai aya, ko da mai aya na zaune, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. Na san tun juyin mulkin Yulin 2023 babu zancen zaɓe a nan, amma kunnuwanmu kullum suna kan na maƙwabta da na Turawa.

Lissahi na fara yi ma Alhaji. A zaɓen Disamba 2020 masu katin zaɓe a Nijar wajen miliyan 7.4 ne. Sondaji, wato binciken jin ra'ayi, na ƙasa baki ɗaya, irin wanda ƙungiyar bincike ta Afrobarometer ta sha yi a nan tare da cibiyar bincike ta LASDEL, mutum 1,200 yake tambaya. Raba ka gani, mutum ɗaya ke nan cikin dubu shida da ɗoriya. Ko duk shekara ake yi, kana iya yin shekarun Annabi Nuhu ba a yi sallama ƙofar gidanka ba.

Ya ce to ka gani, ya za a yi dubu ɗaya su ari bakin miliyoyi? Na ce Alhaji, in ka tahi kasuwar ƙauye ka tarar da buhun wake hamsin, zazzage su kake yi ɗaya bayan ɗaya? Ƙarfen nan naka mai rami kake sokawa, ƴan ƙwayoyi su zubo a hannu, ka duba ƙwaro ka duba tsakuwa ka shiga ciniki. Kalmar sondaji ma daga nan ta taso, a Faransanci sonde abin da ake sokawa ne a ji abin da ke ciki. Kuma ba bakin buhu kaɗai kake soka ba, don ka san masu algus a sama suke ɗora mai kyau, sai ka soki gindi ka soki tsakiya, ka tsallake buhun da mai kaya ya turo maka gaba ka nuna wani can cikin lungu. Ya yi dariya ya ce wannan kam haka ne, an taɓa yi mishi ita.

In mutum 1,200 ɗin nan ta hanyar canki-canka anka samo su, babu son rai, kuskuren da ake tsammani maki uku ne sama ko ƙasa, sau 95 cikin 100. In an ce wane na da kashi 45, yana iya zama 42 yana iya zama 48, saboda haka "ya wuce shi da maki uku" ɗin da mai labarai ta faɗa bai kai a yanka rago ba tukuna. In kana so kuskuren ya koma rabi, sai ka ninka mutanen sau huɗu, 4,800, kuɗin mai da perdiyem su bi sama, shi ya sa har Amurka mai mutum fiye da miliyan 330 galibi dubu ɗaya zuwa dubu ɗaya da ɗari biyar ake tambaya. Mu ƴan Maradi akwai abin da ya kamata mu riƙe a nan. Ƙidayar 2012 ta ba jiharmu mutum miliyan 3.4 cikin miliyan 17.1, kusan ɗaya cikin biyar, to cikin 1,200 rabonmu wajen 240 ne, kuma a 240 kuskure ya haura maki shida. In ka ga wani ya tsinko "ra'ayin mutanen Maradi" daga sondajin ƙasa yana kumfar baki a kai, ka ce mishi ya bi sannu.

Labarin da ake fara ba kowane sabon ɗan anket a wajen formasiyo shi ne na 1936. Wata mujalla ta Amurka, Literary Digest, ta aika takardar tambaya ga mutum miliyan 10, fiye da miliyan 2 sunka maido, ta buga cewa Landon zai kada shugaba Roosevelt da kashi 57. Ranar zaɓe Roosevelt ya kwashi wajen kashi 61, ya ci jiha 46 cikin 48. Sunayen daga littahin masu tarho da rijistar masu mota anka kwaso mahi yawansu, a lokacin da talaka ke fama da abin sawa a baki, ga shi kuma masu haushin Roosevelt sun hi zafin maido da takarda. Wani mai sondaji, George Gallup, da ya tambayi mutum wajen dubu 50 kacal shi ya faɗi wanda zai ci. Duk lokacin da na ga an sa "ku danna nan, wa kuke so" a Facebook, mutum dubu ashirin sun danna, masu shafi na murna, mujallar nan nike tunawa. Wa ke dannawa? Mai babbar waya, mai kuɗin megas, mai karatun boko, namiji, ɗan birni, wanda abin ya dama har ya tura ma gurup goma na WhatsApp ya ce ku je ku danna ma namu. Ƙasar da fiye da kashi 80 na mutanenta a karkara suke.

Mu ga yadda munka yi. Ba mu ke zaɓen gari ba. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta yayyanka ƙasar gunduwa-gunduwa lokacin ƙidaya, kowane yanki da taswirarshi da yawan mutanenshi, daga ciki kwamfuta ke cankowa bayan an raba jiha-jiha, birni daban ƙauye daban, kuma yanki mai yawan jama'a ya hi samun damar hitowa. Mutum takwas ake tambaya a kowane yanki, yanki 150 sau takwas ka ga 1,200 ke nan. Mu huɗu ne a ekip, maza biyu mata biyu, sai shef da direba cikin katkat. In garin da ya hito can cikin rairayin arewacin Dakoro yake, can za ku, ko da kun wuce wani gari a bakin hanya mai kama da shi sak, ga rezo ga mai tsire. Akwai masu yanke, ba zan ɓoye ba, su samu gindin bedi su cika tambayoyin da kansu, shi ya sa yanzu tablet ke riƙe wurin da ka tsaya da mintocin da ka yi kan kowace tambaya.

Da isa sai ƙofar maigari, a yi gaisuwa a nuna takardar izini. Kusan duk maigarin da munka je ma, abu ɗaya yake cewa, "To madalla, bari in tara muku mutane." Kahin ka ce wani abu an aika yaro ya kira liman, da mushen lekol, da wani tsohon ɗan siyasa mai baki, an shimfiɗa tabarma. Hana wannan ba tare da ka ɓata ma dattijo rai ba shi ne rabin aikin shef. "Ranka shi daɗe, ba mu ke zaɓe ba, na'ura ce, mu ma bayinta ne." Mutanen kirki ne, sun kuma san gari, amma su ne buhun da anka turo gaba.

Sai a tsai da wuri ɗaya a taswira, masallaci ko fanfo ko lekol, mu juya ma juna baya, ɗaya gabas ɗaya yamma ɗaya kudu ɗaya arewa, kana tahiya kana ƙirga gidaje, na biyar ka yi sallama, daga nan sai ka ƙirga goma. In a gidan farko namiji ka tambaya, na gaba dole mace. Ka shiga ka rubuta duk matan gidan da sunka kai shekara 18, tablet ta canki ɗaya. In ba ta nan ka sake dawowa, in har yanzu ba ta nan ka bar gidan gaba ɗaya, ba a maye ta da kishiyarta ko ƙanwarta.

A wani gari wajen Mayahi wannan ƙa'ida ta kusa sa a kore mu. Abokiyar aikina ce ta faɗa gidan, layin mace ne, ni na gama nawa sai shef ya ce in zo in taya ta. Maigidan na zaure yana gyaran ƙotar kalme. Mata uku anka rubuta, mahaifiyarshi da matanshi biyu, tablet ta canki amarya. Ya aje ƙota ya ce, "Malam, ni ne mai gidan ga. Abin da na ce shi ta ce, ku tambaye ni ku huta." Munka ba shi haƙuri munka ce layin mace ne. Ya ce to in dole sai mace ga uwargida nan, ita ta san magana, wagga yarinya mi ta sani? Mun kusa rabin awa a kan haka, har sai da tsohuwar ta leƙo ta ce, "Kai bar su su yi aikinsu, cinye ta za su yi?" Abokiyar aikina ta shiga, ni na zauna da shi a zaure muna hirar taki da farashin hatsi, amma duk bayan minti biyar sai ya karkata kunne ya ce, "Wai mi suke ta hwaɗi haka?" Sun yi kusan awa guda. Daga baya ta ba ni labari, ta ce da farko ko sunanta da ƙyar ta faɗa, uwargida kuma sai share wuri ɗaya take yi kusa da su, sai da ta karɓi jaririn ta rungume sunka koma bayan rumbu sannan baki ya buɗe. Ta ce yarinyar nan ta san nawa ake biya a asibitin garin gaba, ta san watan da fanfo ya lalace da wanda ya yi alkawarin gyara bai dawo ba, rediyo na maƙale a ɗakinta. A ƙarshen tambayoyi akwai gurbin da ɗan anket ke cikawa, ko akwai wani a kusa yana sauraro, don masu lissahi su san irin amsar da sunka samu.

Su kansu amsoshin wani aiki ne. An rubuta tambaya da Faransanci, an maida ta Hausa, an ce a karanta ta yadda take ko wasali kar a sauya. Ka ce, "Baba, yaya kake ganin halin rayuwarka yanzu, mai kyau ƙwarai, mai kyau, tsaka-tsaki, marar kyau, ko marar kyau ƙwarai?" Ya ce, "Alhamdulillahi." To Alhamdulillahi ba ta cikin tablet. Mutumin da rumbunshi ya ƙare tun watan huɗu shi ma Alhamdulillahi zai ce, kuma gaskiya ya faɗa. Sai ka sake karantowa a hankali, ba ka da izinin sa mishi magana a baki. In anka zo kan wa za ka zaɓa kuwa, "Allah shi zaɓa mana mahi alheri", ko "wanda Allah ya ba". Wani bai yanke ba da gaske, wani ya yanke tun bara amma bai ga dalilin da zai faɗa ma yaron da ya sauko daga katkat da na'ura a hannu ba. Tambayar ƙarshe ita ce, wa kake jin ya aiko mu? Mun yi bayani tun farko cewa ba hukuma ba ce, amma sau da yawa sai ka ji, "Gwamnati mana, ɗana, wa ke da mota irin wagga?" In haka mutum ya ɗauka, ka san da wane kunne za ka saurari yabon da ya yi ma masu mulki.

Ga kuma lokaci. Da damina maza na gona tun asuba, da rani samari sun tahi cin rani Kano, Legas, Agadas, wasu Jado wajen zinariya, sai ka tarar da gari tsofaffi da mata da yara. Taswirar kanta ta 2012 ce, unguwannin da sunka tsiro bayan Ali Ɗan Sofo da gefen Zariya a takarda gonaki ne. Wasu garuruwan iyaka wajen Gidan Runji da Madarunfa kuma matsalar ƴan bindiga kan hana a shiga, dole a musanya su da wasu, ra'ayin wanda ke kwana da tsoro ya hita daga lissahi.

Shi ya sa in an gama ake daidaita nauyi. Misali na ƙirƙira don a gane. A ce ta waya ka yi sondaji, ka samu mutum 1,000, maza 700 mata 300, alhali a ƙasa kusan rabi da rabi ne. A ce kashi 60 na mazan suna son wane, matan kuma kashi 40. In ka haɗa haka nan ɗanye, wane na da 54, magoya baya su hito da ganga. Sai mai lissahi ya ce a'a, kowace mace a ƙirga ta kamar mutum ɗaya da kashi biyu cikin uku, kowane namiji a rage shi ya koma wajen bakwai cikin goma na mutum, sai wane ya sauko 50. Haka ake yi da shekaru, da jiha, da birni da ƙauye, da karatu. Har girman gida ana dubawa, don gwauron da ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya in anka faɗa ƙofarshi shi za a tambaya ba makawa, amma a gidan Alhaji mai manya goma kowa ɗan rabo kaɗan gare shi, to wanda ya hito daga babban gida sai a ƙara mishi nauyi.

Ni dai a ganina faci ne, kuma faci na da inda yake riƙewa. Matan nan 300 da sunka ɗauki waya, su wa ne ne? Malamar lekol, ma'aikaciyar asibiti, Hajiya mai tahiya Kano sarin atamfa. Ka ninka muryarsu yadda kake so, amaryar bayan rumbu ba ta ciki, wayar gidansu na aljihun maigida. Kuma in waɗanda ka samu kaɗan ne ƙwarai, nauyin kan yi yawa har ya karkatar da kaya. A 2016 wani sondaji na jaridar Los Angeles Times da jami'ar USC yana da wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 19 mai son Trump, da yake irinshi ba su da yawa cikin waɗanda ake tambaya sai nauyinshi ya ninka na sauran har wajen sau 30, duk satin da ya amsa sai alƙaluma su motsa. A shekarar dai, sondajin jihohi da yawa ba su daidaita da karatu ba, waɗanda sunka yi jami'a sun hi amsa tambaya kuma sun hi son Hillary Clinton, sai ga Trump ya ci Mishigan da Wiskonsin da Fensilbaniya, kowace da ƙasa da maki ɗaya. Su can ma ɗaukar waya ta zama wuya, cibiyar Pew ta ce a 1997 cikin mutum 100 da take nema 36 ke amsawa, a 2018 saura 6.

Da na kawo zancen Najeriya Alhaji ya gyara zama, don shi Jibiya da Katsina kamar tsakar gidanshi ne. Kahin zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 sondaji da dama, galibi na waya da na intanet, sun sa Peter Obi gaba. Amma in ka duba ƙasan takardar, a wasunsu kusan rabin waɗanda anka tambaya cewa sunka yi ba su yanke ba ko ba za su faɗa ba, wato ƴan "Allah shi zaɓa mana", kuma babu mai sa wannan a kanun labari. Sakamakon da hukumar zaɓe ta bayar, Tinubu miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso miliyan 1.5, kuma cikin masu rijista fiye da miliyan 93 wajen kashi 27 kaɗai sunka hito. Faɗin wa kake so a waya ba ya cin komai, tsayuwa a layi cikin rana ita ce magana, shi ya sa masu sondaji ke ƙara tambayar ko kana da kati, ko ka yi zaɓen da ya wuce, don su tace waɗanda za su hito da gaske, kuma a nan ma mutane na ƙara gishiri. Alhaji ya ce ai shi tun a tashar Jibiya ya san yadda za ta kaya. Na ce tashar Jibiya ma bakin buhu ce, sa'a ka yi.

Ya yi shiru har anka zuba na uku, sannan ya ce, "To ita amaryar, wa ta ce za ta zaɓa? Irin na mijin?" Na ce wallahi Alhaji ban sani ba. Mijin ma da za mu tahi sai da ya raka mu har mota yana zagaye-zagaye, ni ma a hanya na tambayi abokiyar aikina sau biyu, ta ce ta yi ma yarinya alkawari a bayan rumbu, ta zuge jakarta ta jingina da gilashi ta yi barcinta har Tasawa.